Wandon Jins: A Wanke Ko Kada A Wanke?

Duk wanda ya shiga kasuwar Gummi, ko ta Anka, ko ta Bukkuyum, ko kuwa ya ratsa ta Gwashi, zai ga yadda wandon jins ya zama tufar samarinmu. Ɗan acaɓa da shi yake fita, manomi da shi yake shiga gona, mai haƙar zinariya kuwa da shi yake sauka rami, domin yadi ne mai kauri da ke jure wahala, kuma ana samunsa da araha a wurin masu gwanjo. A ƙasashen da ake ɗinka wannan wando, mutane sun daɗe suna muhawara a kan gubar da ake amfani da ita wajen yin sa, da kuma yadda ya kamata a kula da shi. Mun ga ya dace mu sa baki, domin akwai shawara guda da ake yayatawa daga can, wadda idan muka ɗauke ta ido rufe, 'ya'yanmu ne za su sha wahalarta.

Da farko dai, wandon jins na ma'aikatan wahala ne tun asalinsa. A shekarar 1873 ne Levi Strauss da wani tela mai suna Jacob Davis suka sami takardar mallakar ɗinka wando mai ƙusoshin tagulla a bakin aljihu, a ƙasar Amurka, domin masu haƙar ma'adinai da leburori. Shuɗin launinsa kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shuni ne, irin wanda kakanninmu suke samu daga ganyen baba. Amma tun daga shekarar 1897, lokacin da kamfanin BASF na ƙasar Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, sai na ganye ya ja baya. Kusan dukan jins na duniya da shunin masana'anta ake rina su, kuma ruwan dattin da ke fita daga wuraren rinin ya ɓata rafuka da dama a ƙasashen Asiya.

Abin da ya fi ban takaici shi ne koɗaɗɗen jins, wanda ake sayarwa sabo amma kamar ya shekara biyar a jiki. Domin a fito da wannan koɗewa, akan fesa wa wandon wasu magunguna masu cin launi, ko kuma a feshe shi da rairayi da ƙarfin iska. A ƙasar Turkiyya, samari da yawa masu wannan aiki sun shaƙi ƙurar rairayin har huhunsu ya ƙandare, wasu suka rasa rayukansu, abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta hana aikin a shekarar 2009. Wato dai wani ya ba da huhunsa domin wani ya yi gayu.

Ga kuma batun ruwa. Kamfanin Levi Strauss da kansa ya yi lissafi a shekarar 2015, ya ce wando guda yakan ci lita 3,781 na ruwa, tun daga noman audugarsa har zuwa wanke-wanken da mai shi zai yi ta yi. Daga nan ne shawarar da muka ambata ta samo tushe: a rage wanke jins, a riƙa kakkaɓe shi kawai a shanya ya sha iska. Har ma shugaban kamfanin na lokacin ya taɓa faɗa a bainar jama'a, a shekarar 2014, cewa wandon da ke jikinsa ya kai shekara bai shiga injin wanki ba.

To, wannan magana ta dace da mai zaman ofis a birnin San Faransisko. Amma mu nan, tarihin da muka gani da idonmu ya koya mana wani abu dabam.

Idan ba a manta ba, a watan Maris na shekarar 2010 ne ƙungiyar likitocin nan ta Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, ta gano cewa yara na ta mutuwa a ƙauyukan Ƙananan Hukumomin Anka da Bukkuyum, suna fama da jijjiga, ba a san dalili ba. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinariyar da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Sunayen Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke da Tungar Daji sun shiga bakin duniya ba don alheri ba. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ba a kai ga share ta ba sai a shekarar 2013. Bayan shekara biyu, a 2015, irin wannan annoba ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Darasin da aka fi riƙewa shi ne a daina niƙa dutse a gida. Darasi na biyu, wanda ake yawan mantawa, shi ne ƙurar dalma tana bin mutum har gida a jikin tufafinsa. Tana maƙalewa a saƙar yadi mai kauri, da cikin aljihu, da lanƙwasar ƙafar wando, kuma ido ba ya bambanta ta da ƙurar hanya. Uba ya dawo daga wurin inji da yamma, yaro ya ruga ya rungume ƙafarsa, ya hau cinyarsa, ya sa yatsa a baki. Shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma yara ƙanana da mata masu juna biyu ne suka fi cutuwa. Wanda bai mutu ba yana iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ɗage hanin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamba na 2024, bayan sama da shekara biyar, wannan gargaɗi ya ƙara zama tilas.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne wando biyu, doka biyu.

Wandon aiki, na mai shiga rami ko mai tsayawa a bakin injin niƙa, kada ya tsallaka ƙofar gida. A tuɓe shi a wurin aiki, a yi wanka a can, a sa na gida kafin a tafi. Wannan wando shi ne ake wankewa a kai a kai, kuma kada a kakkaɓe shi a bushe, domin kakkaɓa ita ce ke tayar da ƙurar. Mai shi ne zai wanke abinsa a can, ba uwargida mai goyo a baya ba, ba kuma a cikin bahon da ake wanke kayan jariri ba. Sabulu ba ya kashe dalma, ruwa kawai take komawa, don haka a zubar da ruwan wankin a rami na musamman, nesa da rijiya da inda yara ke wasa ko dabbobi ke sha.

Wandon gida da na zuwa kasuwa kuwa, a nan ne shawarar mutanen waje take da amfani. A zaɓi mai duhun launi wanda ba a koɗar da shi da magani ba, domin ya fi ƙarko. A wanke shi kafin sawar farko, sabo ne ko gwanjo. Idan za a wanke, a juya cikinsa waje, a yi amfani da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a guji bilic, a shanya a inuwa. Gwiwa ta yage, a kai wa tela ya yi faci. Launi ya koɗe, a kai marina. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa an kafa shi tun 1498, da baba da toka da ruwa ya yi suna, kuma abin da Turawa ke biya da tsada a yau da sunan rini marar guba, gadonmu ne. Sai dai a tambayi marini abin da ya zuba a tukunyarsa, domin da yawa sun koma ga garin rini na kanti da soda mai ƙona hannu.

Wani zai ce talaka mai neman na abinci ina ya ga kuɗin wando biyu? Tambaya ce mai kyau, amma kuɗin wandon gwanjo bai kai na jinyar yaro a asibitin Anka ba, balle a yi maganar rai. Ban da haka, nauyin ba a kan lebura kaɗai yake ba. Muna kira ga masu ramuka da masu injuna da dillalan zinariya da su kafa rumfar sauya kaya da randar ruwa a kowane wurin aiki. Muna kuma roƙon hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da su mai da wannan sharaɗi ga duk mai son aiki a ƙasarsu, ma'aikatan lafiya kuma su riƙa tunatar da iyaye mata a ranakun awo.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mun riga mun ga tsadar maganin a shekarar 2010. Allah ya sa kada mu sake ganin irinta.