Wa Ke Da Alhakin Ran Yaro A Cikin Jirgin Ruwa?

Jama'ar Ɗan Gulbi da kewaye, Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ran 30 ga watan Nuwamba 2021, wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari, cikin Bagwai ta Jihar Kano. Ya ɗauko fasinja daga ƙauyen Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Mutum 29 suka rasu. An yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa. A watan Mayu 2023 kuma, yara 15 sun rasu a Dandeji ta Jihar Sakkwato, sun shiga kwalekwale za su je neman itace.

In irin wannan ta faru, sai mu ce ƙaddara ce, mu yi shiru. Mun yarda rai da ajali na Allah ne. Amma ƙaddara ba ta wanke sakaci. Yaro bai san yawan mutanen da jirgi ke iya ɗauka ba, babba ne ya sani.

Mu a ganinmu, alhakin yana wuyan mutum uku. Na farko mai jirgi, wanda kwaɗayin kuɗi ya sa shi ƙara lodi. Na biyu uba ko malami, wanda ya tura yara ba tare da babba ba. Na uku hukuma, wadda aikinta ne ta ƙayyade lodi, ta tilasta sa rigar kariya mai hana nutsewa.

Dokar Nijar ta tanadi ɗauri da tara ga wanda sakacinsa ya jawo mutuwar wani, ko da bai yi niyya ba. Shari'ar Musulunci ma ta ɗora diyya a kan kisan kuskure. Saboda haka kai ƙara ba rashin tawakkali ba ne, hanya ce ta kare yaran da suka rage.

Wani zai ce ai mu nan ba mu da jirgin ruwa. Gaskiya ne. Amma ƴaƴanmu suna tafiya karatu da cin rani a garuruwan da ake haye ruwa. A gida ma, da damina tabkuna da kududdufai suna cika, ga rijiyoyi marasa murfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar.

To, mu rufe rijiyoyinmu. Kada yaro ya je tabki shi kaɗai. Kada mu sa ɗa cikin jirgin da ya cika, gara a jira sahu na biyu. Wanda ya ga ana lodin ganganci ya sanar da mai gari ko jandarma.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.