Haƙorin Giya Ba a Gyara Shi da Ido

Duk wanda ya leƙa garejin makanikai a Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya san abin da ake yi wa giyar tarakta idan haƙoranta suka cinye: mai walda ya yi musu ciko, a goge da magagari, ana aunawa da ido. Manomi daga Sakajiki ya biya kuɗi kaɗan, ya koma gona yana murna. To, amma araha ba ta ado. A ganina irin wannan gyara jinkirta ɓarna ne kawai.

Lanƙwasar da ke gefen haƙorin giya lissafi ce tsantsa. Masanin lissafi Leonhard Euler ya yi nazarinta a ƙarni na 18, kuma ɗalibi yana iya zana ta a aji: a naɗe zare a jikin gwangwani, a ɗaura fensir a bakin zaren, a riƙa warwarewa yana miƙe. Layin da fensir ya zana shi ne siffar. Ita ke sa giyoyi biyu su juya sumul ba tare da fizga ba.

Inda haƙora biyu suke haɗuwa siriri ne ƙwarai, kuma tun 1882 Heinrich Hertz na Jamus ya bayyana yadda matsi ke taruwa a irin wannan wuri. Haƙori yakan sha wannan matsi sau miliyoyi, har ƙarfe ya gaji, ya tsattsage, fuskarsa ta yi ramu-ramu. Shi ya sa injiniyoyi kan rage bakin haƙori da abin da bai kai kaurin gashi ba, domin nauyi ya sauka masa a hankali. Magagari ba ya iya wannan. Daɗin daɗawa, zafin walda yana kashe taurin fatar ƙarfen, sai gurguwar giya ta cinye lafiyayyar da ke cuɗanya da ita.

Akwai darasi a halitta. A 2013 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun gano giya a gindin ƙafafun baya na wani ƙwaro mai tsalle, Issus. Ƙanana ne kaɗai ke da ita. Masanan suna ganin dalili shi ne ƙarami yana saɓa, ya samu sabbin haƙora, babba kuwa ya daina. Tarakta dai ba ta saɓa.

Ba a ga laifin makanike ba, domin kayan gyara sun yi tsada, damina kuma ba ta jiran kowa. Abin da ya kamata shi ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda ta shirya wa makanikai gajeren horo, tare da ma'aunan siffar haƙori, su san wanda zai gyaru da wanda sai canji. Malamai kuma su kai zare da gwangwani aji. Allah ya sa mu dace.