Cire zuma daga bangon gida: wa ke buƙatar lasisi?

Idan ƙudan zuma suka tare a bango ko rufin gida a jihar Florida ta Amurka, mutum biyu ne mai gida zai iya kira, kuma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. Kamfanin kashe ƙwari sai da lasisi daga ma'aikatar noma ta jihar kafin ya yi feshi. Mai kiwon zuma kuwa, muddin ya yi rajista da ma'aikatar, yana iya kwashe su da ransu zuwa amyarsa ba tare da wannan lasisi ba. Amma da zarar ya ɗauki magani, ya shiga sana'ar da ba tasa ba.

Ke nan guba ce ake yi wa lasisi. Haka abin yake a Faransa, inda tun 2015 ake neman takardar Certibiocide daga masu sana'ar aiki da irin waɗannan magunguna.

Wannan rabo yana da hujja. Feshi yana kashe zumar, amma saƙa da ruwan zuma suna nan cikin bango, su narke da zafi, su jawo tururuwa da kyankyasai. Zumar maƙwabta kuma takan zo ta kwashi abin da ya rage, har da gubar, ta kai amyarta.

Abin da ya dagula lamarin asalinsa daga Afirka yake. A 1956 aka kai zumar Afirka ƙasar Brazil don bincike, ta kuɓuce a 1957, ta haɗu da ta Turai, jikokinta suka isa Texas a 1990, daga baya aka same su a Florida. Sun fi faɗa, kuma ido ba ya bambanta su da na Turai. Shi ya sa ake shawartar duk wanda ya kwaso taron zuma daga waje ya canja mata sarauniya.

Giɓin dokar yana wajen ƙwarewa. Rajistar mai kiwo an yi ta ne don a riƙa duba lafiyar amya, ba ta nuna ya iya fasa bango kusa da wayar lantarki ko ya kare yaran unguwa idan zuma ta fusata. Mai gidan da ya zaɓi a bar zumar da rai, shi zai tambayi wanda ya kira ko yana da inshora, da kuma wanda zai biya kuɗin gyaran bangon.