Wasiƙa Zuwa Ga Masu Maganin Dabbobi Na Ƙasar Katagum

Ina roƙon iyayena da 'yan'uwana masu wannan sana'a, tun daga karar Azare har rugagen da ke bakin kogin Jama'are, ku ba ni aron kunnuwanku.

Ba na shakkar cewa Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya sirri a ɓawon maɗaci da ganyen marke da shiwaka, domin ko aduwar nan da yara ke tsotsa, tun a 1933 wani likita mai suna Archibald ya bayyana a ƙasar Sudan cewa 'ya'yanta na kashe katantanwar ruwa mai yaɗa tsargiya. Ku kuwa kun fi kowa sanin cewa dabbar da ta daɗe tana kiwo a fadama ita ciwon hanta ya fi kamawa, kuma ta jikin katantanwa tsutsarsa ke biyowa. Amma da'awa, kome kyawunta, alƙali ba ya karɓarta sai da hujja. Ragon da aka ɗura wa jiƙon maɗaci da kaka, ga harawa ta wadata, ga ƙasa ta bushe tsutsa ta ragu, in ya murmure ya yi ƙiba, wa zai iya rantsewa cewa jiƙon ne ya yi aiki?

Saboda haka, in za ku jarraba magani, ku ware tumaki masu kusan shekaru ɗaya da larura ɗaya, waɗanda in an ja fatar idonsu ta ƙasa za a tarar ta yi fari fat, haɓa kuma ta kumbura, ku raba su gida 2, ku ba kashi guda maganin, ɗayan ku bar shi a kan abinci da ruwa iri ɗaya. A auna ɓawon da ruwan da ma'auni sananne, a daidaita shi da girman dabba, gama "ɗan kaɗan" na hannun wani ya isa ya zubar da cikin tunkiya. Sa'an nan a kai kashinsu wurin malamin dabbobi ya ƙirga ƙwayayen tsutsa da madubin likita, ran farko da kuma bayan kwana 14. Wadda jikinta ya tsananta kuwa, a cire ta a yi mata magani nan take, domin dabba amana ce.

Abin da kuka gani ku rubuta shi, ko da ajami ne, har da wanda bai ci ba, tare da sunan itacen da watan da aka sassaƙe shi. Da irin wannan takarda ce masanan Vom, inda aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya za su san itacen da ya cancanci su fara dubawa.

Wassalam.