Mun Ziyarci Gidan Seriki Abass a Badagiri

Ranar Asabar da ta wuce ƙungiyarmu ta matan Agege ta tara kuɗin mota, muka tafi Badagiri, yamma da Ikko, don mu ga tsohon gidan Seriki Williams Abass da ke bakin ruwa.

Mun tafi da guzurin dambu da fura muna ta raha, amma da muka shiga sai kowa ta yi tsit. Mai gidan nan tun yana yaro aka kama shi bawa, aka kai shi Birazil. Da ya komo ya yi arziki, sai shi ma ya shiga cinikin bayi. Ya rasu a 1919. An ce ɗakunan tsare bayi 40 ne. Mun leƙa ɗaya, ƙanƙane, ga duhu, ga sarƙoƙi. Daga nan ake haye da su a kwalekwale zuwa Gberefu, inda jirage ke jira. Har da Hausawa cikin waɗanda aka kwashe daga gaɓar tekun nan.

Wata dattijuwa ta dube ni ta ce, "'Yata, ashe wanda ya sha wuya ma yakan shayar da wani?"

To, uwargida, yarinyar nan da aka kawo miki daga ƙauye tana miki aiki, ina take kwana? Kin sa ta makaranta? Ki tuna zamanki a gidan wasu. Sai mako mai zuwa.