Gadar alminiyom ba ta tsatsa, me ya sa take bukatar gyara?

A 1950 aka buɗe gadar Arvida a kan kogin Saguenay da ke lardin Kebek na Kanada. An ƙera ta da alminiyom, wato goran ruwa, kuma ta haura shekara 70 tana nan tsaye.

Takwararta ta tashar jiragen ruwan Sunderland a Ingila, wadda aka buɗe a 1948, ba ta yi wannan ƙarko ba. An cire ta a 1977.

Alminiyom ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, domin iska na yi masa wata siririyar fata da ke kare shi. Rauninsa na wurin da ya haɗu da baƙin ƙarfe. Da zarar ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sai alminiyom ɗin ya fara zaizayewa. Wannan ne ya ci gadar Sunderland. A Kanada kuwa, gishirin da ake watsa wa tituna don narkar da ƙanƙara shi ne abin tsoro.

Gyaran ma sai da lura. Zafin walda na rage ƙarfin alminiyom, kuma yana saurin tsagewa idan nauyin motoci ya daɗe yana jijjiga shi.

Shi ya sa injiniyoyi suka fi mayar da hankali kan mahaɗai: a wanke gishiri, a buɗe magudanan ruwa, a sa shamaki tsakanin ƙarafan biyu. Hukumar da ta yi sakaci da wannan ƙaramin aiki don ganin babu tsatsa, ƙarshenta sai ta biya kuɗin sabuwar gada.