RUWAN DA YA GUDU DAGA DUTSI SHI KE CIN FADAMA

Damanar shekara ta 2024 ta bar wa ƙasarmu tabon da ba zai goge da wuri ba. Bisa ƙidayar da magabata suka bayar, ambaliya ta hallaka mutum kusan 400, ta kuma shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. Shekara arba'in kafin haka, watau a 1984, rashin ruwa ne ya tada jama'a daga garuruwansu, ya ƙare dabbobi, ya bar rumbuna wayam. Wanda ya dubi al'amarin sama-sama zai ce masifu biyu ne da ba abin da ya gama su. Amma masanan da suka daɗe suna binciken ƙasar Sahel sun nuna akwai zumunci tsakaninsu: ƙasar da ta daina shan ruwa ita ce fari ya fi yi wa ɓarna, ita ce kuma ke haifar da ambaliya. Ba inda za a fi ganin gaskiyar wannan magana kamar gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, yankin da aka sani da Adar, Dutsi da Majiya.

Yadda ƙasar take

Allah ya yi wannan yanki hawa uku. A bisa akwai shimfiɗar dutsi, a tsakiya gangare, a ƙasa kuwa fadamu, inda arzikin yake: fadamar Keita, fadamar Tarka da ta ratsa Madawa, wadda albasarta ke kaiwa har kasuwannin bakin teku, da kuma Majiya, wadda ke tasowa daga duwatsun Buza, ta bi ta ƙasar Ƙonni, ta ƙare a tafkin Kalmalo cikin Nijeriya. A da, itatuwa da ciyawa sun rufe saman dutsi, suna tsaida ruwan sama har ƙasa ta sha. Da farin shekarun 1970 da na 1984 suka kashe su, gatari da kiwo suka ƙarasa saura, sai ƙasar ta daskare ta zama fako. Ruwa in ya faɗi bisa fako ba ya shiga, sai ya gangara da gudu, ya yanka korama, ya ɗebi rairayi ya zuba cikin gonakin fadama, ya cike madatsun ruwa da laka. Haka ta faru ga madatsar Ibohaman a ƙasar Keita, haka ta faru ga ta Mozage wadda ke shayar da gandun noman Ƙonni.

Masu binciken ruwa, cikinsu har da Luc Descroix na cibiyar IRD ta Faransa, sun tabbatar da wani abin mamaki: cikin shekarun da ruwan sama ya ragu a Sahel, ruwan da ke gudu cikin koramu ƙaruwa ya yi, domin ƙasa ta rasa suturarta. Har ila yau, wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubo ruwa da ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ke nan ruwa ya dawo, amma da fushi ya dawo, ya kuwa tarar da ƙasa tsirara.

Abin da aka gwada

Gwaji na farko a Majiya aka yi shi. A 1975, ma'aikatan gandun daji na Buza tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro, bibbiyu a jere, da tazarar mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan, domin karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasa, tana bizne shuka. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon layukan ya zarce kilomita 400. Awon da aka yi ya nuna hatsin da ke tsakanin layuka ya fi na fili da kashi 15 zuwa 23 cikin ɗari. Daga baya aka danƙa wa ƙungiyoyin manoma saran rassa da sayar da su, sai itace ya zama kuɗi.

Gwaji na biyu ya fi girma nesa. A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, kuma cikin wannan shekara furojen Keita ya kama aiki, da kuɗin ƙasar Italiya, da jagorancin hukumar FAO, da cimakar hukumar PAM wadda ake biyan ma'aikata da ita. Hikimar wannan furoje ita ce bai tsaya ga gona ɗaya ko gari ɗaya ba. Ya ɗauki kowane kwari dungum, tun daga kan dutsi har gindin fadama: a bisa aka ja kunyoyi aka ɗaure su da duwatsu, a gangare aka gina ramuka aka dasa itace cikinsu, a cikin koramu aka gitta shingayen dutsi da waya ta ɗaure, a fadama kuwa aka yi madatsu da rijiyoyi. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Zuwa 2003 an farfaɗo da fiye da hekta 34,000, an dasa itace wajen miliyan 18, an gina rijiyoyi wajen 700 da hanyoyi fiye da kilomita 300. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna dajin yankin ya ninka fiye da sau uku tsakanin 1984 da 2002. Wajibi ne a faɗa, mafi yawan duwatsun nan a kan mata aka ɗauke su, domin a farkon aikin maza sun tafi cin rani.

Gwaji na uku ba shi da tarakta, ba shi da amo. A 1989, furojen FIDA na Illela, maƙwabciyar wannan yanki, ya kai wasu manoma ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ƙananan ramuka bisa fako, a zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanya. Da suka komo gida suka gyara tassa irin ta kakanninsu bisa wannan tsari, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Cikin shekara goma an raya wajen hekta 9,000, har fakon da a da ko kyauta ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. A ƙauyen Batodi, ruwan rijiya da ake tararwa a zurfin mita 18 a 1994 ya hauro zuwa wajen mita 4 a 2004, mata suka kafa garake.

A ƙasar Maraɗi kuwa, tun daga 1983 Tony Rinaudo ya jawo hankalin manoma ga kututturan da ke raye cikin gonakinsu: maimakon a sassabe toho duka, a zaɓi masu ƙarfi a raine su. Wannan shi ne sassaben zamani. Binciken da Chris Reij da Gray Tappan suka yi tare da masanan ƙasarmu irin su Larwanu Mahaman ya ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itace wajen miliyan 200 bisa hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa su ba.

Abin da bincike ya koya mana

Na farko, kwari jiki ɗaya ne. Mai garkar albasa a Tarka da makiyayin da ke bisa dutsi, ruwa ɗaya suke sha ko ba su san juna ba. Wanda ya gina madatsa a ƙasa alhali saman fako ne, ya gina wa laka rumbu. A tare ruwa inda ya faɗi ya fi araha bisa a tare shi inda ya taru.

Na biyu, ƙidayar itacen da aka dasa ba ita ce ma'auni ba. Tun 1975 muke dasa itace kowace ranar 3 ga Agusta; da duk sun rayu da yau ba a ganin rana a Nijar. Ma'aunin gaskiya shi ne: nawa suka rayu bayan shekara biyar, ruwan rijiya ya hau ko ya sauka, dami nawa gona ta ba da. Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 ta sha wannan darasi. An yi burin raya hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton 2020 ya tarar da wajen miliyan 4 kacal cikin zirin da aka shata. Saboda haka tunani ya juya daga jan layi ɗaya na dashe zuwa irin abin da manoman Tawa da Maraɗi suka riga suka yi. Wani bincike na mujallar Science a 2024 ya ƙara jan kunne cewa ba kowane fili ne ke son itace ba. Makiyaya mai ciyawa ita ma arziki ce, cika ta da dashe ɓarna ce da sunan gyara.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, aiki yana daɗewa ne inda yake da mai shi. Tassa da sassaben zamani sun yaɗu ba da cimaka ba, domin manomi ya tabbata amfanin nasa ne. Muddin itacen gona na hukuma ne, mai gona yana tsoron tara, to gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Dokar karkara ta 1993, da dokar daji ta 2004, da kuma dokar watan Yuli na 2020 wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina, su suka buɗe wannan ƙulli. Amma shingen da ke cikin korama da kunyar da ke bisa dutsi na kowa ne, abin kowa kuwa ba mai kwana da tunaninsa. Dutse ɗaya in ya zame ba a maida shi ba, damana uku ta isa ta buɗe ɓaraka.

Abin da ke gabanmu

Kada nasara ta rufe mana ido. Hatsin da Keita ke samu ya tashi daga wajen tan 39,000 a 1972 zuwa wajen 55,000 a 2003, alhali jama'arta ta tashi daga 65,000 a 1962 zuwa 230,000 a 2003. Bakuna sun fi rumbu saurin ƙaruwa. Furojen ya naɗe tabarmarsa, ayyukansa na farko sun shekara arba'in, ga hadura suna ƙara ƙarfi. Ƙasarmu ta ɗauki alkawarin raya hekta miliyan 3.2 kafin 2030, kuma za a yi kuskure babba in aka bi sabon fili ana ɗaukar hoto, tsohon aiki yana rushewa a baya.

A ganinmu abu uku ya wajaba. A bi ayyukan Keita, Buza da Madawa ɗaya bayan ɗaya, a san wanda ke tsaye da wanda ya karye, a keɓe kuɗin gyara cikin kasafin kowace ƙaramar hukuma. A tara garuruwan da ke shan kwari ɗaya, na bisa da na ƙasa, su yi yarjejeniya a gaban sarakuna da kwamitocin kula da filaye, har masu garka su ba da nasu kason wajen gyaran dutsi, tun da su ne farkon masu cin riba. Sannan duk fakon da za a raya, a san mai shi tun kafin a sara ƙasa, a rubuta haƙƙin matan da za su yi aikin, a bar wa makiyayi burtalinsa da mashayarsa, domin filin da aka raya aka hana Bafillace ko Buzu ya zama tushen husuma, ba na albarka ba.

'Yan'uwa manoma da makiyaya, da rarrafe yaro kan tashi, kuma mutanen Adar sun riga sun nuna wa duniya cewa fako ba mutuwa ya yi ba, suma ya yi. Abin da ya saura shi ne riƙo. Rani ne lokacin maida dutse mazauninsa, ba ranar da hadari ya haɗu ba. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba ƙasarmu ikon shanye ta.